Ƙwaya Ɗaya a Awon Jagaba

Ya ku mazauna wannan zaure, masu goro a kumatu da masu carbi a hannu, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Korau ɗan Nomau, mutumin Dutsen Gora, wanda ya taka ƙasa goma sha bakwai da ƙafarsa, ya ƙetare teku uku a kan katako. Na ga garin da ake noma a kan rufin ɗaki, na ga kogin da ke komawa baya ran Laraba, duk ba su tsaya mini a rai ba. Tafiyata ta Tekun Baƙin Shuni ce har yau in na tuna sai jinina ya tafasa. Ita zan ba ku, kuma mai tari ya yi tarinsa tun yanzu.

Tun ina saurayi na yi karatun taurari a gaban wata tsohuwa, Inna Tambai. Shekara tara ina durƙushe a gabanta har ta ɗura mini taurarin arewa kaf, da sunayensu da awonsu. Ba ta rubutu, ba ta kuma yarda a rubuta. Daga bakinta ne zuwa kunnenka, ka yi ta maimaitawa har ya zauna, in ka kuskure ta daka maka muciya a gwiwa. Da ya rage saura taurarin kudu guda sittin, waɗanda babu mai riƙe da awonsu a duniya sai ita, sai ta ce ban nuna ba tukuna. Ta tattara komatsanta ta koma mahaifarta, wani ɗan tsibiri da ake kira Tafin Hannu, can tsakiyar teku.

Shekara goma sha ɗaya ina jira. Rannan sai ga wani falke da saƙo, ya ce, "Inna Tambai ta ce in gaya maka ƙafafunta sun kumbura, numfashi ya fara gajarta. In kana son sittin ɗin nan, ka zo yanzu. Ta ce a ƙofar ɗakinta Jagaba yana tsayawa yatsa goma sha ɗaya cif a saman ruwa." Ban ko gama cin tuwon da ke gabana ba na ɗauki jaka.

Bari in gaya muku Jagaba, don kada wani ya tsayar da ni a tsakiyar labari. Tauraro ne da ba ya gusawa daga wurinsa. In kana tafiya kudu, kullum sai ka ga ya ɗan sauko kusa da ruwa. Da asuba ake auna shi, lokacin da gari ya fara haske ana ganin bakin ruwa, shi kuma bai ɓace ba. Abin awon ɗan allo ne mai igiya, ka ciji igiyar, ka miƙa allon gabanka. Ana lissafinsa da yatsa, kowane yatsa kuma ƙwaya takwas ne. Yatsa ɗaya a sama, tafiyar yini guda ce a ruwa.

Babu inda ake samun jirgin Tafin Hannu sai Birnin Wadata, kuma a nan wahalata ta fara. Wadatawa mutanen kirki ne, wallahi ba zan ci amanarsu ba, amma kirkinsu irin mai sa mutum hawan jini ne. A garin nan babu abin kunya kamar ka ba mutum abu daidai ba gyara. Ba a kasuwa kaɗai ba, inda kowa ya san in an auna maka mudu ana ɗan ƙara maka. A'a, su a komai ne. Na tambayi wani hanyar masauki, ya raka ni har muka wuce gidan da gida uku. Na ba tela ɗinkin wando, ya kawo mini wanda zan iya ɗaure shi a wuya. Na zauna gaban wanzami ya aske mini kai, kafin in ankara ya haɗa da rabin girata. Wanda duk ya ba da abu cif-cif, mai busasshen hannu suke ce masa, ko gaisuwarsa ba a amsawa da daɗi.

Jirgin da na samu sunansa Balbela, sarkin jirgin kuwa wani ƙaton mutum ne mai fara'a, Anaruwa. Ina hawa ya hango allon awona yana leƙowa daga jaka. Nan take fara'ar ta ɗauke.

Ya ce, "Malam, mene ne wannan?"

Na ce, "Allon awo ne, ranka ya daɗe. Sana'ata ke nan."

Ya ce, "Subhanallahi. Ka taɓa zuwa cin tuwo gidan mutum ka tafi da mudunka? Ɓarayi ka ɗauke mu? Muna da mai awo, Baba Cindo, shekara arba'in yana wannan aiki. Ko dai allon ya sauka, ko ku sauka tare."

Wani jirgin sai bayan wata biyu. Na haɗiye maganar da ta taso mini, na miƙa wa mai gadin mashiga allon da Inna Tambai ta sassaƙa mini da hannunta.

Ga yadda suke nasu lissafin. Kowace asuba Baba Cindo zai hau bayan jirgi ya duba nawa Jagaba ya sauka tun jiya, ya faɗa wa Gwaggo Ladingo, yayar Anaruwa, mai riƙon gora. Ita kuma ta jefa tsakuwa a gorar in yatsa ne, ƙwayar dawa in ƙwaya ce, in ƙwayoyi sun kai takwas ta canza su da tsakuwa. Ranar da tsakuwa ta cika talatin, sai a juya gabas, a yi kwana biyar, a ci karo da tsibirin. Dabara ce mai kyau, ban ga aibunta ba. Na so in riƙa tsayawa wurin awon, amma ina! Baƙo ba ya aiki a jirgin Wadatawa. Da na yunƙura sai a danna ni kan tabarma, a turo mini kunu ƙwarya biyu alhali ɗaya na roƙa.

Muka shiga teku. Ruwan nan baƙi ƙirin kamar na marina, in ka tsoma hannu sai ya kwana uku da shuni. Muka wuce inda kifaye masu fiffike ke hawa kan itacen tuta, wato babban zanen da iska ke tura jirgi da shi, su yi ta cara kamar zakaru. Muka wuce wasu duwatsu na kumfa zalla, jirgi ya ratsa ta cikinsu muka fito fari fat. Duk ban ba su hankalina ba, kwanaki kawai nake ƙirgawa da kumburin ƙafar tsohuwar nan a raina.

Ran kwana ashirin da huɗu sai na ji guɗa. Gwaggo Ladingo ta juye gora, tsakuwa talatin cif. Na ce, "Yaya haka? Ai tafiyar kwana talatin ce." Anaruwa ya daki kafaɗata har na yi tangaɗi, ya ce, "Iska ce ta yi mana alheri, Malam. Ƙafarka na da albarka." Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: zuciyata ta ɗarsa, amma da yake abin da nake son ji ke nan, sai na yi shiru na taya su murna. Aka juya gabas.

Kwana biyar, ba tsibiri. Shida, bakwai, ko tsuntsu babu. Ran na takwas da hantsi jirgi ya yi wata irin ƙara ya tsaya cik. Mun kutsa cikin Dajin Kainuwa, inda kainuwa ke tsiro a kan teku har ta fi mutum tsawo, saiwoyinta kamar igiyar rijiya. Ta naɗe jirgin gaba da baya. Aka sa adda, in an sare nan kafin a juya can ta rufe.

A nan haƙurina ya ƙare. Na taka har bayan jirgi, wurin da aka hana ni, na tsuguna gaban mai awo.

Na ce, "Baba Cindo, don girman Allah, ranar farko da muka taso, nawa ka ga Jagaba ya sauka?"

Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Ƙwaya bakwai."

"Nawa ka faɗa wa Gwaggo?"

"Yatsa guda mana."

Na ce, "Bakwai ka gani, ka ce takwas?"

Ya dube ni da tausayi, kamar mai kallon marar lafiya. Ya ce, "Haba ɗana. In miƙa wa mace yatsa da gibi? Ai sai a cika mata. Ko ya cika ma, kullum sai na ɗora ƙwaya guda a kai. Ni ba a taɓa ce mini mai busasshen hannu ba, ba kuwa za a fara da furfurata ba."

 Na juya wurin mai gora. "Gwaggo, ke kuma in ya ce yatsa, me kike jefawa?"

Ta ce, "Tsakuwa, in bi ta da ƙwaya guda."

"Ƙwayar ta mece ce?"

Ta riƙe haɓa. "Ji yaron nan! In jefa tsakuwa ita kaɗai tsirara, ba ko ɗan abin rakiya? A gidan wa aka yi maka tarbiyya?"

Jama'a, na yi ihu a ranar nan har kifayen da ke kan itacen tuta suka watse. Na ce ƙwaya ɗaya daga Baba, ɗaya daga Gwaggo, kullum biyu, kwana ashirin da huɗu, arba'in da takwas ke nan, yatsa shida cur! Tafiyar kwana shida muka yanke, muka juya gabas a inda babu komai sai ruwa! Na ce wa kuke yi wa gyaran? Tauraro ne ya zo sayen gero wurinku?

Anaruwa ya ce, "Yi haƙuri, Malam, ai da kyakkyawar niyya suka yi."

Na ce, "To shekara arba'in yaya kuke isa tsibirin?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Gaskiya mukan ɗan yi yawo kafin mu same shi. Wani zubin wata guda, wani zubin biyu. Mun ɗauka tsibirin ne ke gusawa."

 Na koma gefe na zauna, ina ganin fuskar Inna Tambai tana duban hanya.

Zama ba zai fitar da mu ba. Da la'asar na lura da wasu manyan dabbobi suna kiwo can gefen dajin, ayu ne, amma kowanne ya kai girman rumbu. Suna cin kainuwar a hankali, ba ruwansu da mu. Na tuna yadda shanun garinmu ke haukacewa a kan kanwa, ga shi kuwa Balbela kanwa ta ɗauko buhu-buhu za ta kai tsibirai. Na ce a daka ta, a jiƙa, a riƙa watsawa a kan kainuwar a miƙe, daga wurin ayun zuwa hancin jirgi. Aka sa majajjawa aka yi ta jifa. Ai kuwa da suka ɗanɗana sai suka biyo layin nan suna ci suna gurnani, hanya na buɗewa a bayansu.

Kun ce an huta? Na ce a watsa kamu ɗaya-ɗaya, sai da kowane matuƙi ya ƙara rabin kamu a hagu, rabi a dama, wai kada dabbobin Allah su ce an yi musu rowa. Ayu suka bazu ko'ina, hanyar da za ta buɗe a yini ɗaya ta ci mana kwana biyu. Da muka fita kuma, wani ya ɗaga buhu guda ya juye musu na sallama, suka biyo mu suna tunkuɗar jirgi har sai da muka tsere da ƙyar.

Muna fita na ce wa Anaruwa, "Ranka ya daɗe, ko ka jefa ni ruwa, ko ka bar ni in yi awo." Sai ya kau da kai, na gane an ba ni dama ba tare da an faɗa ba. Na fasa murfin akushi na sassaƙa allo, na zare mazagin wandon nan na tela, wanda ga shi Allah ya sa tsawonsa ya yi amfani, na ƙulla shi yadda aka koya mini. Ban bi ta gora ba. Na auna tsayin Jagaba kai tsaye daga bakin ruwa, na sami yatsa goma sha bakwai. Tsohuwa ta ce sha ɗaya. Shida ɗin nan dai da na faɗa, ba ƙari ba ragi. Mun kuma zarce tsibirin ta gabas da tafiyar kwana uku. Na ce a miƙa kudu, in Jagaba ya sauko sha ɗaya, a juya yamma.

Kwana shida ina awo da kaina, kowace asuba sau uku. Baba Cindo yakan zo ya tsaya bayana shiru, yana kallon yadda nake faɗar ƙwaya biyar in biyar ce, yana girgiza kai kamar na yi tsiraici a kasuwa. Amma ya fara kallo da kyau, wannan na shaida.

Asubar kwana na shida na ciji igiya na duba: sha ɗaya da ƙwaya ɗaya. Na sake, haka. A daidai lokacin wata iska mai daɗi ta taso daga gabas, irin wadda za ta tura mu yamma kamar an harba kibiya. Anaruwa ya ce, "Malam, irin wannan ba ta daɗewa. In za mu juya, yanzu ne." Ƙwaya ɗaya tafiyar ɗan hantsi ce kawai zuwa kudu. Amma na ƙirga kwanakin da aka ɓata mini, idona ya rufe.

Na ce, "Sha ɗaya ne. A juya."

Sai na ji murya a bayana, a hankali. Baba Cindo ne. Ya ce, "Ɗana, ƙwayar nan fa?"

Na juyo a fusace. Na ce, "Ƙwaya ɗaya ce tak! Ku da kuka zuba arba'in da takwas, ku ne za ku yi mini maganar ɗaya? Baba, ka rufa mini asiri ka koma wurin zamanka." Tsohon nan ya sunkuyar da kai ya tafi. Aka juya yamma.

Tafin Hannu tsibiri ne kwance, ba dutse ba dogon itace, launinsa ɗaya da ruwan. Sai ka zo dab da shi kake ganinsa. Kwana uku muka yi, na tsaya a hancin jirgi tun safe har idona ya yi ja, ban ga komai ba. Na huɗu, babu. Ran na biyar na ciji igiya, ga ƙwayar nan tana nan inda na bar ta. Ba wanda ya ce mini uffan a jirgin nan, kuma wallahi da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce a yi kudu tafiyar hantsi guda, sannan a komo gabas. Iskar da ta kawo mu ita ce yanzu a fuskarmu. Aka sauke tuta aka kama tuƙi da hannu, har ni, har Gwaggo Ladingo, kwana huɗu tafin hannuna na zubar da ruwa.

Da muka isa ban jira an ɗaure jirgi ba, na faɗa ruwa na fita da gudu. Na tambayi ɗakin Inna Tambai, aka nuna mini. A ƙofar na tarar da wata mace tana bandar kifi, ta ɗago ta dube ni, ta ajiye abin da ke hannunta.

Ta ce, "Kai ne Korau. Ni Hakama ce, maƙwabciyarta. Sai haƙuri, shekaranjiya aka kai ta."

Na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Kullum sai ta sa na fito da ita nan ƙofa. Yau kwana shida na hango farar tuta can nesa tana wucewa yamma, na gaya mata. Ta ce ta wane gefe? Na ce ta arewa, da ƙyar ake ganinta. Sai ta ce, 'Shi ne. Ƙwaya ɗaya ya zubar, mai gaggawar banza.' Na kaɗa zane har hannuna ya gaji, ba ku gani ba."

Na ce, "Ba ta bar mini komai ba?"

Ta ce, "Ta bari mana. Da ta ga ba za ta kai ba, sai ta zaunar da ni, kwana huɗu tana ɗura mini, ni da ban san komai ba sai kifi. Tsaya ka ji." Ta share hannu a zane, ta rufe ido, ta fara. "Kunkuru, yatsa tara da wani abu. Uwar Garke, sha huɗu da ɗan wani abu. Makauniya, shida da wani abu."

 Na ce, "Dakata, baiwar Allah. Wani abu nawa? Ƙwaya nawa?"

Ta ce, "Ta faɗa, wallahi ta faɗa, har tana dukan tabarma tana maimaitawa. To kaina ba zai ɗauki duka ba. Sai na ce bari in riƙe maka manya-manyan, ƙananan ai ba za su gagare ka ba."

Na buɗe baki zan yi irin ihun da na saba, sai na fasa. Wa zan yi wa? Matar nan ta riƙe sunaye sittin da yatsu sittin ba ta kuskure ko ɗaya ba, don wani baƙon da ba ta taɓa gani ba. Na ce ta ci gaba. Ta karanto su har ƙarshe, ina maimaitawa, hawaye na shiga mini baki.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Shekara ashirin da uku ke nan ina bin tekunan kudu da allo a hannu, ina neman ƙananan nan ɗaya bayan ɗaya, don kowane tauraro sai an je inda ake auna shi, a lokacin da ake auna shi. Na samo goma sha huɗu. Saura arba'in da shida, ga shi idon dama ya fara yin yana, gani na raguwa.